Ranar da Shuni Ya Kama Hannun Kasuwa

Morenike ba ta da ɗakin naɗar murya. Abin da take da shi, wani lungu ne a bayan shagon ɗinkinta a Ibadan, ta rataye tsofaffin zannuwa a bango don su shanye ƙarar 'yan okada. Nan take shiga da wayarta da ɗan abin magana, ta naɗi shirinta na murya zalla, irin wanda yaran zamani ke ce wa fodkas. Sunansa Kunnen Katanga.

Ƙa'idarta ɗaya ce: ka zo da bakinka, ka bar fuskarka a gida. Shi ya sa shirin ya bunƙasa kamar kabewa a juji. Direba na tuƙi yana ji, mai tuƙa amala na ji, wanzami na aski yana dariya har ya kusa yanke kunnen mutum. Kowa na tura wa ɗan'uwansa.

Amma gishirin shirin wata tsohuwa ce da ake kira Mai Barkono. Babu wanda ya san ko wace ce, sai Morenike. Ita ce Iya Alaro, mai rinin nan ɗaya tilo da ta rage a kasuwar unguwarsu. Ba ta kama suna, amma in ta ce "akwai wata uwar kasuwa da ta ɗaure makullin makewayi a bakin zaninta, sai danginta ke da mafitsara," kowa ya san da Iyaloja Abeke take, shugabar matan kasuwar.

To, Morenike na da ƙanin miji, Dotun, shi ke gyara mata sauti. Ta girme shi nesa ba kusa ba, amma matar gida ba ta kiran ƙanin miji da gatsal ɗin sunansa, sai dai Buroda Dotun, wato Yaya Dotun, shi kuma ya ce mata Iyawo, wato amarya. Wata rana ya shigo yana sheƙi.

"Iyawo, arziki ya ƙwanƙwasa! Masu kamfanin ɗunkulen miya za su ɗauki nauyinmu. Abu ɗaya suke so, bidiyo."

"Buroda Dotun, ka gaishe su."

"Haba! Wa ke sauraron murya tsirara a wannan zamani? Mutane ido suke so."

"Direban da ke jin mu, da wane idon zai kalle mu? Na ƙeya?"

"Sai mu rufe fuskokin baƙi."

"Na yi wa mutane alkawari ba za a gan su ba. Ban ce rabinsu ba."

Dotun ya laɓe yana jiran dama, kamar kyanwa a gefen kifi. Ranar da Iya Alaro ta zo naɗi, ya soka wayarsa tsakanin zannuwan bango, ya saita ta daga wuya zuwa ƙasa. A ganinsa ya yi dabara, tunda ba fuska. Ya yanki ɗan guntu ya watsa, wai ɗanɗano ne don masu kamfani.

Yaro dai yaro ne ko da gemu. Ya manta tsohuwar nan da hannu take magana. Ga hannuwa nan suna yawo a hoto, shuni ya kama su har wuyan hannu, farce baƙi ƙirin. Kafin azahar, mai kifi ta nuna wa mai tattasai, mai tattasai ta nuna wa Iyaloja.

Da la'asar sai ga Iya Alaro a shagon ɗinki, hannuwanta cikin zani kamar wadda ta yi sata. Ba ta zauna ba.

"Morenike, 'yata, ranar kasuwa za a tara mata. An ce mai shuɗin hannu ta kwashe tukwanenta ta bar rumfa. Rumfar da uwata ta yi rini a ciki."

Morenike ta durƙusa har ƙasa.

"Tashi," in ji tsohuwar. "Gwiwa ba ta wanke shuni. Na gwada sabulu, na gwada toka, na gwada lemun tsami. Shekarun da ya yi a jikina sun fi naki."

Tana fita, Dotun ya leƙo daga lungu yana sosa ƙeya.

"Iyawo, ai abin ya karɓu fa. Ki ga yawan waɗanda suka kalla..."

"Dotun."

Ya waiga, ko akwai wani Dotun a bayansa. Matan da ke jiran ɗinki suka dafe ƙirji. Ɗaya ta ce, "Ye! Ta cire masa Buroda!"

"Dotun nake kira. Goge shi yanzu, ina kallo. In ka so ka kai ƙarata wurin yayanka, ka biya ta wurin uwarku ma."

Ya goge. Amma abin da ya shiga wayoyin matan kasuwa, ko ruwan kogin Ogunpa ba ya fitar da shi.

Morenike ta shiga lungunta ta ja zani. Ta daɗe tana kallon abin maganar. Ta san in aka kori Iya Alaro, babu mai sake buɗe baki a Kunnen Katanga, kuma sun yi gaskiya. Ta danna maɓallin naɗi.

"Jama'ar Kunnen Katanga, yau ba baƙo, ni ce. An ɗauki hoto a ɗakina ba da sanina ba, kuma ɗakina ne, don haka kunyar tawa ce. Masu ɗunkulen miya, ku riƙe kayanku, daddawarmu ta iru ta ishe mu miya. Wannan shiri na kunne ne, haka zai mutu. Yanzu, an ce ana neman mai shuɗin hannu. Ni dai ban san ta ba. Na dai ji an ce shuni na maganin ƙaiƙayin hannu, kuma akwai tukunya a ƙofar shagona ranar kasuwa. Wadda hannunta ke ƙaiƙayi, ta biyo."

Ranar kasuwa, Morenike ta fara tsoma nata hannun a tukunyar shunin har gwiwar hannu, ta zauna tana jira. Hantsi ya yi, babu kowa sai wata akuya. Can sai ga mai kifi, tana sosa tafi.

"Anti, ƙaiƙayin nan ya hana ni sakat."

Bayanta mai tattasai, wadda ta kai tsegumin da kanta, tana sunkuyar da kai. Sai masu gari, sai masu manja, sai wani mahauci da ya ce shi ma matarsa ta shafa masa.

Iyaloja Abeke ta fito taro da ɗaurin kai kamar rufin coci. Ta gyara murya.

"Wadda shuni ke hannunta, ta san kanta. Ta ɗaga hannu, kada in tona ta."

Kasuwa ta ɗaga hannu. Ta duba gabas shuɗi, yamma shuɗi. Ta juya wurin surukarta da ke riƙe mata lema, sai ta ga lemar ma hannun shuɗi ke riƙe da ita.

"Har ke, Bisola?"

"Mama, ƙaiƙayi ne."

Iya Alaro na tsakiya, ta ɗaga nata biyu, ta ce, "Iyaloja, nawa dai na sana'a ne. Waɗannan ban san me ya same su ba."

Dariya ta ɓarke har 'yan okada suka tsaya. Iyaloja ta ga in ta kori mai shuɗin hannu, ita da kujerarta za su ci kasuwa. Ta kwance bakin zani, ta wurgar da makullin makewayin a ƙasa, ta ce dama nauyi yake mata.

Masu kamfani ba su sake kira ba. Amma makon nan, har direbobin Ilorin sai da suka nemi Kunnen Katanga, don a ji abin da babu wanda ya ɗauki hotonsa. Dotun ya dawo gyaran sauti, sai dai wayarsa a cikin ƙwarya take kwana a bakin ƙofa, kuma har yau Dotun ne.

Ana nan, wata safiya, sai ga wata mata ta shigo shagon ta ƙofar baya, ta lulluɓe har hanci, ɗaurin kai na gogar rufi.

"Morenike, ni ma ina da abin faɗa a kan wata mai rini mai dogon baki." Ta leƙa lungun, ta ɗaga zannuwan bango ɗaya bayan ɗaya. "Ba hoto dai ko?"

Morenike ta gane muryar Iyaloja, ta tura mata kujera da shuɗin hannunta.

"Mama, nan kunne ne kawai. Zauna."