Giyar da Tanios Yake Nema

Nuhad ta naɗe kowace kwalba da tsohuwar jarida kafin ta sa a buhu, don kada maƙwabta su ji ƙararsu a matakala. Bakwai ne wannan makon.

A unguwar Ashrafiyye babu mai kiran mijinta Tanios mashayi. Masani ake ce masa. Shi ne mai ɗaga kofi ya duba a haske, ya shinshina, ya kurɓa, ya girgiza kai ya ce, "Ba ita ba ce." Abokai su tuntsire da dariya, a ƙara cika masa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana neman wata giyar inabi da suka sha a wani tsibirin Girka, a hutu ɗaya tilo da suka taɓa yi a ƙasar waje. Sunanta, in ji shi, ya ɓace masa. Da likita ya nuna musu hoton hantarsa watan jiya, Tanios ya dafa ƙirji ya rantse da kabarin mahaifiyarsa: ranar da ya samu giyar nan, kofi ɗaya zai sha, shi da giya har abada.

Nuhad ta riƙe wannan rantsuwa, don ba ta da wani abin riƙewa.

* * *

Da hantsi ta shiga unguwar Burj Hammud, shagon giya na Hagop, tsohon da ya yi ƙuruciyarsa a jiragen ruwa masu zuwa Girka.

"Ke ce yau, 'yata? Mijinki ya shanye Faransa da Italiya, ya turo ki kwashe saura?"

"Baba Hagop, bar zolaya. Giyar nan da yake nema, ni ma na ɗanɗana ta ranar a tsibirin. Ba a kwalba aka kawo ba, a wata 'yar butar jan ƙarfe ce. Ruwanta fatsi-fatsi. Ina kurɓa na tofar, sai ka ce na lashi ƙaron bishiyar sanobar."

Tsohon ya yi dariya har ya sarƙe da tari.

"Retsina! Ai ƙaron ne a ciki, da gangan suke zubawa. Giyar masunta da direbobi ce, yarinya. Shi kuma yana can yana nemanta a kwalabe masu tambarin zinariya!"

Ya sunkuya da ƙyar ya zaro kwalba daga kantar ƙasa, ya goge ta da gefen riga. Sai dariyar ta ɗauke masa.

"Shekara goma sha ɗaya yana zuwa nan, bai taɓa ce min ƙaro ba. Wanda ya sha wannan kuwa, komai zai manta ban da ƙaron."

Nuhad ta karɓi kwalbar, ta biya, ta fita.

* * *

Ran Lahadi bayan an taso daga coci ta gasa kibbe, haɗin niƙaƙƙen nama da alkama, ta yanka tumatir da na'ana'a. Su biyu ne kawai, ɗansu Marwan yana Dubai. Ta juye giyar a buta, ta zuba masa rabin kofi.

Tanios ya ɗaga kofin kamar kullum. Ƙamshin na isa hancinsa, ya tsaya cak. Ya kurɓa. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Farar riga kika sa ranar," ya ce a hankali. "Iska tana ta ɗaga ta, kina zagin iskar. Mai gidan abincin yana ta dariya, ba ya jin ko kalma ɗaya."

"Ita ce, Baban Marwan," in ji Nuhad.

Bai dube ta ba.

"Ita ce. Ka kuma rantse."

Ya shanye kofin a hankali, har ɗigon ƙarshe. Ya daɗe yana jujjuya shi a tafin hannu. A baranda ta ƙasa wata mata tana kakkaɓe darduma, Nuhad ta samu kanta tana ƙirga bugun.

"Ta yi kusa," ya ce daga bisani. "Wallahi ta yi kusa, Nuhad, kin yi ƙoƙari. Amma waccan ta fi laushi a maƙogwaro."

Ya turo kofin gabanta da yatsa biyu.

"Ƙara min kaɗan, in tabbatar."

Hannunta yana kan butar, nasa yana kan kofin, kibben yana hucewa a tsakaninsu.