Baba Alƙali da Famfona

"Danna, 'yar nan. Kin danna?"

"Na danna, Baba. Yana ɗauka."

Baba Alƙali ya gyara zama a kujerar da ta fi kowacce laushi a falona, ya matso da bakinsa kusa da wayata kamar zai cije ta.

"To. Shirin wannan makon. Wasan farko, likitan da yake suma in ya ga jini. Ya suma sau ɗaya, mun gane. Ya sake suma, mun haƙura. Na ukun fa, na mene ne? Katin gargaɗi. Mai karanta labaran ƙarya yana dariya tun kafin ya kai ƙarshen maganarsa, wa ya aike shi? Mawaƙiyar da kuka gayyato kuwa, gara ku bar mu da talla. Shi kuma wancan dogon da ya fito a mai gadin banki, a gaya masa ya daina kallon kyamara kamar wanda ya ɓata a tasha. Jan kati. Kashe."

Na kashe, na tura. Wancan dogon da ake magana ɗansa ne na cikinsa, Auta, kuma wayarsa na tura wa saƙon.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, hawa na biyu, ƙofata tana kallon ta Baba. Shi tsohon alƙalin wasan ƙwallo ne. Gwiwoyi suka sa ya ajiye aiki, amma bai ajiye usur ba, yana nan rataye a wuyansa a ƙarƙashin riga. Ranar da Auta ya watsar da karatun injiniya ya ce shi wasan barkwanci zai yi a talabijin, a kan matakalar bene suka yi ta, duk gidan yana ji.

"Kai ne za ka ba mutane dariya?" in ji Baba. "To fara da ni. Ranar da ka ba ni dariya, ka dawo gidan nan."

"Na ji," in ji Auta, ya saɓa jakarsa.

Mu muka ɗauka maganar ɓacin rai ce, mako guda ta wuce. Ashe ba mu san irin kan da Allah ya ɗora wa mutanen nan biyu ba. Shekaru suka yi ta tafiya, uban bai kira ba, ɗan bai zo ba. Baba ya kyautar da talabijin ɗinsa, wai ba za a yi shirme a ɗakinsa ba. A nawa ɗakin za a yi ke nan. Ranar Asabar da dare ake nuna shirin kai tsaye, sa'ad da masu hankali suka yi barci. Baba ya ce shi ba zai kashe barcinsa saboda sakarci ba, don haka maimaicin Lahadi da rana yake kallo. Zai shigo ba gayyata, ya ture yadin mutane daga kujera, ya ce in tsayar da keke yana damunsa, ya nemi shayi, ya ce sukari ya yi yawa, ya shanye.

In an gama, sai sharhi. Wai ba da ɗansa yake magana ba, saƙon na masu shirin ne, laifina ne da lambar mutum ɗaya kawai na sani a cikinsu. Shi ma Auta bai taɓa mayar da ko "na gani" ba. Amsarsa a shirin mako mai zuwa take fitowa. In Baba ya ce wasa ya yi tsawo, sai ka ga an datse. In ya ce dogon yana kallon kyamara, sai dogon ya daina. Haka uba da ɗa suke hira ta cikin wayata da talabijin ɗina, ni kuma ina tsakiya da allura a baki.

Duk wannan da sauƙi a kan famfo. Ana tsakiyar shiri, sai Baba ya ɗaure fuska, ya miƙe, ya ce, "Bari in zagaya." Ya shige banɗakina, ya buɗe famfo har ƙarshe, ruwa ya yi ta zuba a bokitin ƙarfe kamar ana ruwan sama a kan kwano. Tanki ɗaya muke sha duk gidan. Matar hawa na uku ta sha saukowa ta wanke ni tas, wai ni nake ƙarar musu da ruwa. Tsabar murɗa, kan famfon ya kwance, sai da na ɗaure shi da roba.

"Baba, wai wanka kake yi ne a ciki?"

"Ke da aka ce miki tela ce, ina ruwanki da mafitsarar tsoho?"

Na koma kan ɗinkina. Amma Allah ya sani, akwai Lahadin da na ji kamar in kulle ƙofa in ce ba na nan.

Sai ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Ya kwanta asibiti, aka sallame shi da jakar magani da irin kallon da likitoci suke yi wa na kusa da mara lafiya a bakin ƙofa. Ni ce ta kusa, don matarsa ta daɗe da rasuwa, sauran 'ya'yan kuma kowa yana nesa da nasa iyalin. Na ce zan kira Auta.

"Ki kira shi ki ce me? Ya ba ni dariya ne?"

Ranar Lahadi ina cikin ɗinki na ji usur daga ɗakinsa. Na ruga a guje, na ɗauka faɗuwa ya yi. Na same shi zaune a bakin gado, ya sa hula.

"Lokaci ya yi. Kira mijinki ku ɗauke ni."

Ni da maigidana muka tallabe shi muka tsallaka da shi zuwa kujerarsa. Tawa ce dai, amma na daɗe da daina kiranta haka. Wasannin farko suka wuce yana tsaki. Sai aka nuno wani falo, ga keken ɗinki a gefe, ga wani tsoho ya hakimce a kujera da usur a wuya, kofin shayi a hannu. Auta ne, an shafa masa furfura. Tsohon ya kurɓi shayi ya ce sukari ya yi yawa, ya shanye. Ya ciro jan kati ya ɗaga wa talabijin. Aka sa talla, ya ba tallan katin gargaɗi. Ƙuda ya gifta, ya busa masa usur wai ya yi satar gida. Sai ga maƙwabciyar ta shigo, wani ƙaton namiji ne aka ɗaura wa ɗankwali, da tef ɗin awo a wuya, yana ta masifa da siririyar murya.

"Kan uba!" na ce. "Wannan ni ce? Yaushe na yi wannan ƙibar? Duk wahalar da nake sha da su, sakayyata ke nan?"

Ban samu mai taya ni ba. Baba ya ɗaure fuska, ya dafa hannun kujera zai tashi, ƙafafu suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya koma.

"'Yar nan," ya ce, muryarsa a shaƙe. "Je ki buɗe famfo."

"Famfo kuma? In kawo maka bokiti ne?"

"Ki buɗe, na ce! Har ƙarshe. Ki tsaya a can."

Na shiga ina ƙunƙuni, na buɗe. Ruwa ya fara dukan bokiti. Na leƙo ta bakin ƙofa, sai na ga Baba Alƙali ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa suna rawa, hawaye yana bin kumatunsa, yana bubbuga hannun kujera. Dariya yake yi, irin wadda take hana mutum numfashi. Na tsaya riƙe da ƙofa ina tuna yawan Lahadin da tsohon nan ya zagaya, da zagin da na sha a wajen matar hawa na uku. Haushi ya kama ni har wuya, tausayi kuma ya biyo bayansa.

Da aka gama na rufe famfo na fito. Ya riga ya goge fuska ya mayar da hula.

"Na gan ka, Baba."

"Tari ne ya sarƙe ni."

"Tari da hula a baki? Don girman Allah ka faɗa masa. Kalma ɗaya ce. Ka ce ka yi dariya, yaron nan ya zo ya gan ka."

"Alƙali ba ya canza hukunci bayan ya busa. Danna."

Na danna.

"Shirin wannan makon. Na farko da na biyu, ba sai na ɓata bakina ba. Wasan tsoho mai usur. Maƙwabciyar ta yi daidai, ba gyara." Na harare shi, bai kula ba. "Tsohon kuma, ba haka ake riƙe kati ba, sama ake ɗaga shi sosai. Sannan tarin bai yi ba. Tarin ƙarya ne, daga maƙogwaro. Na tsohon daga ƙirji yake fitowa yanzu." Ya kalli wayar. "Duk mai son ya iya, sai ya zo ya ji da kunnensa. Kashe."

Ko jaririn goye ya san abin da tsohon yake nufi. Amma da yake ɗan nasa ne, sai da na kira.

"Auta, ka ji saƙon?"

"Na ji, Yaya. Ya ce tarin bai yi ba. Zan gyara."

"Ba tari ake ce maka ka gyara ba, sakarai! Kiran ka yake yi. Jikin nan ba daɗi. Kuma ya yi dariya, da idona na gani."

"Yaya, ai kin sha faɗa min haka."

Gaskiyarsa ce, na taɓa gwada wannan dabarar don in jawo shi gida, ba ta ci ba. Sai na kwashe labarin famfo kaf na gaya masa. Ya tuntsire da dariya.

"Famfo! Wallahi Yaya ki zo mu ɗauke ki aiki, kin fi marubutanmu. Ya faɗa da bakinsa?"

"Ka san ba zai faɗa ba."

"To bari in ba shi amsa yadda muka saba. Na rubuta kashi na biyu, wannan karon ba zai tsira ba. Muna sauka daga shirin Asabar zan hau mota. Tare za mu kalli maimaicin, ina zaune kusa da shi, in ga ta inda zai ɓoye."

"In ya kai Lahadin fa?"

"Baba ne fa. Ko don ya ba ni jan kati zai kai."

Na kira shi ranar Laraba, na kira ranar Juma'a, amsar ɗaya. Na koma wajen uban, shi ma ɗaya. Ban taɓa jin haushin mutum biyu lokaci guda irin na makon nan ba.

Ranar Asabar da yamma ina ba shi ruwa a cokali, ya buɗe ido ya ce, "Gobe Lahadi ko?"

"Gobe ne, Baba. Yana hanya gobe."

"Wa?" in ji shi, don kada a ce ya tambaya. Can ya ƙara da cewa, "Ki gyara robar famfon nan, tana zamewa."

Bai sake magana ba. Kafin duhu ya gama shiga ya cika, Allah ya jiƙansa. Na yi ta kiran Auta, wayar a kashe, sun shiga ɗakin shiri. Sai da ya sauka daga dandamali, da furfurar ƙarya a kansa, ya ga kiran.

Da safe ya iso, aka kai Baba makwancinsa. Da rana baranda ta cika da masu gaisuwa. Ina zaune a falo ban ko taɓa keke ba, sai ga shi ya turo ƙofa, dogo kamar uban, har da ragowar farin abu a bayan kunnensa. Na shirya masa maganganu tun daren jiya, masu zafi. Da na ga fuskarsa sai na rasa ko ɗaya.

"Yaya, kunna mana."

"Yau? Mutane suna waje fa."

"Rage murya kawai."

Bai zauna a kujerar ba, ya zauna a ƙasa ya jingina da ita. Aka yi wasan farko, aka yi waƙa. Sai ga falon nan, ga keken ɗinki, ga tsoho mai usur. Ya ɗaga jan kati sama sosai, hannu a miƙe. Ya yi tari daga ƙirji, mai nauyi, har sai da na waiwaya na kalli kujerar. 'Yan kallo a talabijin suna ta shewa.

"Maganar famfon nan," Auta ya ce, bai kalle ni ba. "Da gaske ne?"

"Je ka duba kansa. Ba ni na kwance shi ba."

Ya miƙe ya shiga banɗaki, ya turo ƙofa. Sai na ji robar ta yi ƙara, ruwa ya fara zuba a bokitin ƙarfe, har ƙarshe.

Can na ji takun matar hawa na uku tana saukowa. Na fita na tare ta a kan matakala, na ce ta yi haƙuri, yau ni na buɗe. Na dawo na kwashe yadin da ke kan kujerar, na zauna a kan keke ban taka ba. A talabijin tsohon yana ɗaga wa ƙuda kati, ruwa kuma yana ta zuba.