Auta Ya Mayar Da Kuskuren Da Ya Gyara

A wani ofishi na hawan sama, inda fanka take kuka kamar tsohon keken ɗinki, akwai wata mata da ake kira Anti Ja. Kamfaninsu manhajar nod yake rubutawa, wato wadda ake ɗora wa kwamfutocin da ke riƙe da tarihin cinikin kuɗin kirifto, bulo kan bulo, kowace tana duba na 'yar'uwarta. Anti Ja ce ta gina musu abin gwaji, ta raɗa masa suna Rariya. Duk wanda ya taɓa manhajar, sai Rariya ta kwaso tsofaffin bulo tun daga na farko ta ɗura wa sabon zubin manhajar, ta ga ko zai karɓi abin da tsohon ya karɓa. In sun yi daidai, kore. In sun saɓa, ja, aiki ya tsaya cik.

Yaran yanzu kuwa ba sa ƙaunar abin da zai tsayar da su. Ga shi a watan jiya Rariya ta nuna ja a banza, ashe kwamfutar gwajin ce ta cika, aka yi asarar yini guda. Oga, shugaban kamfanin, ya faɗa mata a gaban kowa cewa in aka sake samun jan ƙarya, zai cire Rariya daga hanya, ita kuma ta koma teburin amsa koken kwastomomi.

Ranar da za a saki sabon zubi, da hantsi, ja ya fito. A kan aikin ƙanenta kuma, Auta, wanda ita ta yi masa hanyar shiga kamfanin. Shi ya gano cewa tsohuwar manhajar tana karɓar sa hannun ciniki, wato jerin lambobin da ke tabbatar da mai kuɗin, ko da an maƙala masa sifilin banza a gaba, abin da ƙa'ida ta hana. Ya toshe wannan kafa, har aka tafa masa a taro.

Ya zo ya ɗare gefen teburinta yana cin biskit ɗinta.

"Yaya, rariyar taki ta sake toshewa. In samo miki tsinke?"

"Sauka mini daga kan tebur, ba gadon Inna ba ne."

Ta faɗa da ƙarfinta. Ta duba kwamfutar gwajin, lafiya lau. Ta sake kunna Rariya, ja ya dawo a daidai wurin da ya fito ɗazu. Oga ya gifta yana duba agogo, ya ce in dai irin na rannan ne, ta tsallake gwajin a saki kaya, shi ba zai tayar da maganar ba. Tayin ya zauna mata a rai. Tsallakewar danna maɓalli ɗaya ce, ta tsira da kujerarta, ƙanenta ya tsira da tafinsa. In ta dage kuma ya zama jan ƙarya ne, ta san inda za ta koma.

Ta ce a ba ta zuwa azahar.

Ta buɗe bulon da Rariya ta tsaya a kansa. Tsoho ne, tun zamanin da kuɗin ba shi da wata daraja. Ta bi cinikin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya har idonta ya yi yaji, sai ga wani mai sifilin banzan nan a gaban sa hannunsa. Kwamfutocin nod na duniya sun karɓe shi tuntuni, sun ɗora shekaru a kansa. Sabon zubi ya ƙi shi, ya kuma ƙi duk abin da ke samansa. Duk wanda ya ɗora sabon zubin a sabuwar kwamfuta, nan zai maƙale, sauran su wuce su bar shi.

Ta kira Oga da Auta ta nuna musu. Auta ya yi ta kumfar baki cewa ƙa'ida tana bayansa, cinikin ne gurɓatacce. Ba ta musa masa ba. Oga ya tambaya to wa ya yi kuskure ke nan.

"Gyaransa daidai ne," in ji ta. "Amma an riga an yi gini a kan karkataccen bulon. In ka zare shi, da kai ginin zai rufta. Auta, mayar da shi yadda ka same shi."

"In rubuta kuskure da hannuna, ina sane?"

"Da hannunka. Ka kuma rubuta dalili a samansa, kada wani mai kaifin kai ya zo baɗi ya sake gyarawa."

Auta ya kalli Oga ko zai cece shi, Oga ya kalli fanka. Auta ya koma kujerarsa yana buga maɓallai kamar su suka yi masa laifi. Wajen la'asar Rariya ta gama tankaɗe, ta nuna kore, aka ɗaga sakin zuwa gobe.

Oga bai ce mata sannu ba, shi ba ya faɗin irin wannan. Ya dai tsaya a tsakiyar ofis ya ce duk mai wani gyara a hannu ya kai wa Anti Ja kafin a tashi. Suka taso suka yi mata cirko-cirko a kai, ta ce su bi layi, kuma kada wanda ya jingina mata da tebur.