Hatsin da Aka Hana Taki

Da Kulu ta zo ƙauyensu na bayan Dungas da rani, abin da ta roƙi mahaifinta ba shi da nauyi a baki: bana ya bar mata ɗan gefen gona ba taki. Malam Maikano kuwa mutum ne da ko kashin akuya ya gani a hanya sai ya tsince shi ya kai gona. Ya dube ta kamar ta ce ya bar sallah.

Ta yi masa bayani gwargwadon iyawarta. In ƙasa ta rasa wani sinadari da ake kira fosfor, ganyen hatsi yakan ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni, waɗanda a labo, wato ɗakin bincike, ake ce wa ƙananan ARN. Su bi ruwan jikin kara su sauka har saiwa, su kwance takunkumin da ke hana ta zari, sai ta ƙara kwaso ɗan abin da ya rage cikin yashi. Hatsin da ya ƙoshi ba ya aiken. Don haka mayunwaci take nema. A kansa za ta rubuta littafin da zai sa jami'a ta ce mata dakta, kuma shekarun da aka ɗibar mata sun kusa ƙarewa.

"Wato ganye ne ke yi wa saiwa aike?" in ji shi.

"Shi ne, Baba."

"Ikon Allah. Kunya nawa kike so?"

"Goma ma ta isa."

Sai ya ba ta rabin gonar. Ta yi ta roƙo ya rage, ya ƙi. Ɗiyarsa ba za ta zama dakta a kan kunya goma ba, mutanen gari su ce ya yi mata ƙwauro.

Abin takaici, damina ta yi kyau. Rabin da ya sha taki ya yi baƙi ƙirin don kore. Ɗaya rabin ya tsugune, ganyensa ya yi jaja-jaja, kuma shi ne a bakin hanyar kasuwa. Duk mai wucewa sai ya rage tafiya.

"Kulu, hatsin nan naki ya ɗauki azumi ba a ga wata ba," in ji Mas'udu taubashinta.

"Kai ma da ka ɗauka, da tumbin nan ya ragu."

"Ni ai ba a karatu a kaina."

Malam Maikano bai taɓa tanka wa kowa ba. Noma yake yi wa mayunwacin hatsin kamar yadda yake yi wa ƙosasshen, ya tsaya ya dube shi, ya wuce.

Ranar ɗibar samfuri ta yanki ganye da saiwa, ta rufe su cikin 'yan kwalabe, ta binne a akwatin ƙanƙara. Saƙonnin nan ba sa jure zafi. Da sun ji ɗumi sun lalace. A tasha shofer ya ce cikin mota na mutane ne, ya ɗaure akwatin a sama tsakanin buhunan wake da wani rago. Ba su kai Magariya ba ƙarfen ƙafar motar ya karye cikin yashi. Ta sauke akwatin ta ruga da shi gindin itacen da ke kusa. Gawo ne, kuma gawo da damina ba shi da ganye. Ta lulluɓe akwatin da mayafinta, ta zauna ta tare masa rana da bayanta, tun hantsi har la'asar. Wata tsohuwa ta matso ta ce, "'Yar nan, in ruwan sanyi ne a ciki ki sam mini."

Da suka isa Damagaram ruwa ne kuwa a ciki, sai dai ba mai sanyi ba.

Duk da haka ta sa samfuran a layin jiran na'urar gwaji ta jami'a. Kafin layi ya zo kanta hatsi ya riga ya fid da kai, lokacin ɗiba ya wuce. Na'urar ba ta ga komai ba. Malaminta, mutumin kirki, ya ce kada ta damu, zai nemo mata ƙarin shekara. Ya ce ma abin ya zo da alheri: baɗi ƙasar nan za ta fi bana yunwa, sakamako zai fi fitowa sarai.

Ta koma gida bayan girbi da maganar a bakinta. Ta tarar an gama zuba damma, rumbun bai kai wuya ba. Ta ga uwarta Saude ta canja ƙwaryar awon tuwo, ta ɗauko ƙarama, ba ta ce wa kowa komai ba. Ƙannenta ma ba su tambaya ba.

Malam Maikano yana gyaran jinkar rumbun, ya sauko ya shimfiɗa mata buzunsa.

"To, an ga aiken?" ya tambaya. Bai jira amsa ba. "Fulani sun turo suna son sauka da shanu a gonar, su zuba mata taki. Na ce su dakata sai na ji daga gare ki. In baɗi ma ana so a bar ta haka, ki faɗa. Ba komai."

Da gaske yake. Ta san in ta ce e, zai sallami Fulanin da fara'a, har ya raka su.

"An gani, Baba," ta ce. "An gama. Ka ce su sauka."

Ya share fuska da hannun riga. Sannan ya miƙe ya leƙa ta kan darni yana kiran Mas'udu, ya zo ya maimaita maganar azumin nan a gaban dakta in ya isa.

Kafin magariba labari ya gama gari. Washegari da ta kama hanyar tasha, mata daga bakin rijiya suna ta "Dakta, a sauka lafiya." Ta amsa wa kowace, ɗaya bayan ɗaya, don ba a yi mata tarbiyyar ƙin amsa gaisuwa ba.