Abin da Baba Kunne Ya Jiyo Ta Taga

"Baba, idan ka mutu wa zai ɗauki dogon sukudireban can?"

Saura kaɗan kofin shayin ya suɓuce daga hannuna. Na watsa wa 'yata harara, amma ina, idonta na kan ƙusar da ke saman gadon, inda sukudireban yake rataye, mai jan mariƙi, tsawonsa ya kusa kai hannunta.

"Noti! Wa ya koya miki irin wannan maganar?"

"Ba ke kika ce wa Babana jikin nasa ya yi nisa ba?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Shi kuwa Baba Kunne dariya ya kama yi har tari ya sarƙe shi, sai da matarsa, Inna, ta tallabe shi ta ba shi ruwa.

"Ƙyale ta, Sufeto," ya ce da numfashinsa ya dawo. "Ita kaɗai ke faɗa mini gaskiya a layin nan. Kowa ya shigo sai ya ce jiki ya yi kyau. Ni fa bakanike ne, na san injin da ya gama aikinsa."

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, garejinsa kuma a ƙofar gida yake. Shekara arba'in yana gyaran motocin dizal, musamman a-kori-kura. Ana ce masa Kunne ne saboda ba ya fara buɗe bonet da sifana. Sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin sukudireban nan a jikin injin, ya manna mariƙin a kunnensa, ya rufe ido. In ya buɗe, zai faɗa maka abin da ke damun motar. Shi ne ya sa wa 'yata suna Noti, wai ƙarama ce kuma kullum sai an neme ta a ƙarƙashin mota. Sunan ya bi ta, ya bi mu, har na zama Maman Noti.

Ni kuwa Sufeto ya sa mini, kuma ba don yabo ba. Shekara huɗu muna fama da shi. Na yi masa ƙorafin baƙin mai da ke malalowa inda yara ke wasa. Na yi masa na hayaƙi a kan shanyata. Ranar da na tarar da Noti tana wasa da tsohuwar filta, har gareji na bi shi na ce ya yi shinge ko in kai ƙara. Ya yi shingen. Amma duk safiya sai ya ɗaga mini hannu kamar soja: "Sufeto, an duba mu yau, ko da saura?"

Wata uku kenan da ya kwanta. Garejin a rufe, gadonsa kuma an jawo shi jikin tagar da ke kallon titi, don ya ce shiru ne zai kashe shi kafin ciwon.

"Yau ba makaranta ne?" ya tambayi Noti.

Na ce, "An dawo da ita, Baba. Ciwon kan nan ne dai."

Sai na samu kaina ina zayyana masa, don abin ya cika mini ciki. Sati shida kenan. Lafiya lau take tashi. Tana isa aji sai ciwon kai, sai jiri, wani lokaci amai. Malamarta ta ce sau biyu tana kifa kai a tebur ta yi barcin da sai an girgiza ta. Kafin rana ta take, ta warware kamar ba ita ba. An gwada jini, ba komai. An duba ido, ba komai. Ranakun hutu kuwa ko atishawa ba ta yi, shi ya sa babanta ya ce makarantar ce ba ta so.

"Ina sonta," in ji Noti. "Ni ce ke share allo."

Baba Kunne ya daina murmushi.

"Wa ke kai ta?"

"Babanta, a motarsa, kafin ya wuce ɗaukar kaya."

"In yana ɗuma injin da safe, minti goman nan, ita tana ina?"

"Tana ciki. Ni nake sa ta da wuri, ta ci burodinta, ni kuma in ji da ƙaninta."

"Gilas fa?"

"Ina ɗage shi duka. Saboda sanyin safiya. Ƙirjinta ba ya son sanyi."

Ya juya wajen yarinyar. Sannan ya ce, "Noti, miƙo mini jakarki."

Ya juya jakar makarantar a kan cinyarsa. Ƙasanta baƙi ƙirin. Na ce ai na gaji da wanke ta, yarinyar nan ba ta san inda take ajiye kaya ba, har dukan hannu na yi mata a kai. Ya shafa da yatsa, ya kai hanci.

"Wannan ba dattin ƙasa ba ne, Sufeto. A ina take ajiye ta a mota?"

"A ƙasa, wajen ƙafafunta."

"To. Wata biyu ke nan muryar motar nan ta canja. Daga nan nake jin ta. A da numfashinta daga baya yake fita, yanzu daga ƙarƙashin kujera yake fita. Na aika Inna ta gaya wa mijinki, ya ce gyara ne aka yi mata."

Gaskiya ne. Da Baba ya kwanta, maigidana ya kai motar wani gareji aka ƙara mata tanki na biyu a ƙarƙashin bodi, don ya daina tsayawa shan mai a doguwar tafiya. Ya yi sati yana alfahari da shi.

"Tankin nan ba zai zauna ba sai an yanke bututun salansa, mai fitar da hayaƙi," in ji Baba. "Gobe kada yarinyar nan ta shiga motar. Ko da za a yi faɗa."

An kuwa yi. Da yamma ina zuba wa maigidana abinci na faɗa masa, ya ajiye cokali.

"Maman Noti, ni da nake wuni a cikinta, me ya same ni?"

"Kai gilas a sauke kake tuƙi, hannu a waje. Kuma wa ke shan maganin ciwon kai kullum da yamma?"

"Rana ce. Haba! Tsohon da ko tashi ba ya iyawa, daga kan gado zai gano mini ciwon mota? Haushi yake ji na kai ta wani wuri."

Da safe ya fito ya tarar da ni tsaye a jikin ƙofar motar, goyo a baya, makullin a hannuna.

"Baban Noti, ka kai motar nan ƙarƙashin tagar Baba. In ya yi kuskure, ni da kaina zan ba ka haƙuri a gaban kowa. In ba haka ba, 'yata da ƙafa za ta je, ko zan goya su biyu."

Ya san ni. Ya karɓi makullin yana ƙunƙuni.

Baba Kunne ya ce ba zai duba mota ta taga ba, ba boka ba ne shi. Inna ta ce ko da wasa, likita ya hana. Ya ce, "Likita ya ce kada in yi aiki. Zama zan yi." Ƙarshe maigidana da mai shagon kusurwa suka ɗauko shi a kujerar roba, lulluɓe da bargo. Na ga yadda maigidana ya kalli ƙafafunsa, duk sun zama kamar sanduna, ya kau da kai.

"Sufeto, ke ce hannuna yau. Direba zai yi mini gardama. Ɗage shimfiɗar robar da ke gefen fasinja."

Na ɗage. Ƙarfen ƙasan duk tsatsa, ga wani rami da babban yatsana zai shige, inda wata roba ta faɗi tuntuni. Gefensa baƙi.

"Kawo farin ƙyalle."

Na ciro hankicin Noti. Ya ce in shimfiɗa a kan ramin, in danne gefensa da duwatsu biyu, in ɗage gilas duka kamar yadda na saba, in rufe ƙofa.

"Direba, tayar, ka fito. Kowa ya matsa baya. Minti biyar, rabin abin da take yi kullum."

Muka tsaya muna kallon mota tana kaɗawa, ba kowa a ciki. Ban taɓa ganin minti biyar mai tsawo haka ba. Da na buɗe ƙofar, wani yaji ya bugi idona, na ja baya ina tari. Warin da muka saba da shi ne, muna cewa warin motar dizal ne, har turaren mota muke ratayawa a madubi. Na ɗago hankicin. Tsakiyarsa da'ira ce baƙa, kamar an ɗora gindin tukunya.

Maigidana ya karɓa. Ya kalle shi, ya kalli Noti da ke tsaye a bakin ƙofa da kayan makaranta. Ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa ya leƙa ƙarƙashin motar. Bakin bututun da aka yanke yana nan, tazarar tafin hannu daga ramin.

Ni kuwa na zauna a dakalin gareji. Ni ce ke sa ta a ciki. Ni ce ke murɗa gilashin har sai ya kai ƙarshe, in ƙara dannawa don kada iska ta shiga. Ni da na kusa kai maƙwabcina ƙara saboda hayaƙi ya taɓa mini shanya.

"Sufeto," in ji Baba, "ba yanzu ba. Kuka sai an tashi aiki. Direba, kira mini mai walda na bayan layi. Ka ce ya zo da bututu mai lanƙwasa biyu, ba irin na ruwan wanka ba."

Har rana ta ɗaga yana kan kujerar nan. Ya sa aka sauke sabon tankin kafin a kunna wuta, aka kai shi nesa. Mai waldan ya ce ai ya saba yi a haka.

"Na sani. Shi ya sa ba ka da gira. Sauke shi."

Ya sa aka zagaya da bututun ta gefen tankin har ya fito bayan tayar baya, bakinsa na kallon waje. Aka kankare tsatsar, aka like ramin da faranti. Ya ce a canja gaskit ɗin da ke wuyan salansar, don shi ma yana tsiyaya. Mai waldan ya ce bai ga alama ba. Da aka kwance, ga shi a tsage.

"Baba, wai ta ina kake gani?"

"Kai da ido kake aiki, shi ya sa kake makara."

Da aka gama ya ce a kawo sukudireban. Noti ta ruga ta ɗauko. Aka tayar da motar, aka matso da kujerarsa, amma hannunsa ya kasa riƙe shi, sai rawa yake. Na riƙe masa, baki a jikin injin, mariƙi a kunnensa. Ya rufe ido. Sannan ya tura mariƙin wajena.

"Saurara. Kin ji tana tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba mai tsalle layi? Riƙe wannan muryar. Ranar da ta canja, ki tare ƙofa kamar yau."

Na kai Noti asibiti da hankicin a jaka. Likitar ta jujjuya shi, ta tambaye ni minti nawa, sati nawa, ta sake auna ƙirjin yarinyar. Ta ce mu gode wa Allah, mu kuma gode wa wanda ya gano. Tun daga ranar ba a sake dawo mini da ita daga makaranta ba.

Maigidana ya shiga wajen Baba shi kaɗai da yamma. Ban san me suka ce ba. Na dai san duk safiya bayan nan, kafin ya tayar da mota, sai ya ƙwanƙwasa tagar ya ce, "Baba, za mu tashi," a amsa daga ciki, "Ina ji."

Kwana tara aka yi haka. A na goma ya ƙwanƙwasa, Inna ce ta amsa, ta ce yana ji, ya dai gaji da magana. Motar ta tashi, ta ɗumu ba kowa a ciki, Noti ta shiga, gilas a sauke, suka tafi. Ina shanya na ji Inna ta kira ni ta kan katanga, da wata murya da ban san ta da ita ba.

Na tarar da Baba kwance, fuskarsa wajen taga. Inna ta ce ya bi ƙarar motar har ta sha kwana, ya ce, "Yanzu ta yi daidai," ya nemi ruwa. Kafin ta juyo da kofin, shi ke nan. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan shingen nan ba, kullum ina cewa sai ya ɗan ji sauƙi.

Bayan sati Inna ta shigo da sukudireban naɗe a tsohuwar jarida.

"Ya ce tambayar Noti tana buƙatar amsa. Nata ne. Amma Sufeto ta riƙe mata har hannunta ya kai."

Yana rataye a bayan ƙofar kicin ɗina, kusa da hankicin da na ƙi wankewa. Duk ranar hutu sai in ɗauko shi, maigidana ya buɗe bonet yana tsokanata wai an zo duba mu, in manna kunne in rufe ido.

Ke da kike karanta wannan, in kina da yaro da ake kaiwa makaranta a tsohuwar mota: kada ki zaunar da shi a ciki ana ɗuma injin, gilas a rufe, komai sanyin gari. Tagar da Baba ke sauraro ta cikinta an rufe ta, ba lallai a layinku akwai irinta ba. Yau ɗin nan, kafin ki wanke jakar yaronki, juya ta ki dubi ƙasanta.