Mota Mai Kujera Biyu

Kowace safiya, idan sun iso tudun rage gudu da ke gaban makarantar yara, Malama sai ta waiga baya. Ba da saninta take yi ba. Hannunta ne yake fara tafiya, ya ratsa tsakanin kujeru don ya tare gwiwar da ba ta nan, sannan kanta ya biyo. Sai ta janye hannun, ta gyara jakar littattafan ɗalibanta a kan cinya, ta ce, "Yau akwai cunkoso."

Mijinta yana gani ta wutsiyar ido. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai gama sakandare ba ya bi masu ɗora farantan sola a rufin gidaje. Ita ce ta laƙaba masa sunan don tsokana tun suna neman aure, sunan ya bi shi har kan allon shagonsa. Yanzu yana da ma'aikata da motocin aiki, amma har yau bai iya zama wuri ɗaya ba. Abin da ya lalace, kafin a gama ba shi labari ya ɗauko sukudireba.

'Yarsu ta rasu a farkon shekara, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Kunkuru suke kiranta, saboda idan aka ce ta sa takalmi sai ta zauna a bakin ƙofa ta yi hira da kowace ƙafa. Ba ta bar komai mai yawa ba. Amma gilashin ƙofar baya ta motarsu, ɓangaren da take zama, yana nan yadda ta bar shi: shatin tafin hannu na maiƙo da alewa, wasu sama wasu ƙasa, da wani dogon layi da ta ja da yatsa. Ba a ganinsu sai rana ta bugo daga gefe. Malama ta ce kada a taɓa. Tun daga nan Injiniya da kansa yake wanke motar a tsakar gida, waje kawai, kuma ba a sauke wannan gilashin ko zafi zai kashe mutum.

Dogo, abokin kasuwancinsa, shi ya fara kama shi yana kallon motocin gudu a waya.

"Kai da kake yawo da tsani, me za ka yi da wannan?"

"Tsani yana da motarsa."

"Kullum za ka riƙa hawanta? A titin gidanku? Ranar farko za ka bar mata ciki a rami, mu zo mu kwasa a buhu."

"Akwai mai maɓallin da yake ɗaga gabanta."

"To. Madam ta sani?"

"Za ta gani."

"Ban tambaye ka ko za ta gani ba."

Injiniya ya kifa wayar, ya tashi ya hau gyara wata fanka da ba abin da ya same ta.

Ya yi bincike kamar mai shirin jarrabawa. Wacce ce ba ta karya ƙugu a kan ramuka, wacce ce ba ta shan mai kamar an huda ta, wacce but ɗinta zai ɗauki jakar Malama da kwandon cefane. Duk wannan gaskiya ne, yana so ta zama motar zuwa aiki da dawowa. Amma abin da yake nema a kowane hoto guda ɗaya ne: bayan kujerun nan biyu ya zama bango.

Ranar da ba ta da aji ya ce ta raka shi, yana son idonta wajen zaɓen launi. Ta ɗauki mayafinta ta biyo shi. A 'yan watannin nan ba ta cewa a'a, ba ta kuma cewa e.

Wurin sayar da motocin duk gilashi ne, daɓen yana ɗaukar ido. Tun daga bakin ƙofa wani mai riga da tambarin kamfanin ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, kawo makulli in kai ta inuwa." Idon Injiniya yana kan wata ja da ke juyawa a hankali a kan faifai. Ya miƙa makullin ba tare da ya kalli hannun da ya karɓa ba.

Dillalin da ya tare su matashi ne mai tsinin takalmi, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya ba Malama kujera da ruwan sanyi, ya ce mata Madam sau uku a numfashi ɗaya, sannan ya juya ga mai biya.

"Yallaɓai, ta hawan ƙarshen mako ake so, ko ta kullum?"

"Ta kullum."

"To bari in faɗa maka gaskiya, waccan jar ka manta da ita. Kyakkyawa ce, amma ko murfin kwalba ta taka sai ka ji shi a haƙorinka. Wannan baƙar kuma, idan ka tashe ta da safe maƙwabta za su kai ka ƙara." Ya shafa rufin wata shuɗiya. "Wannan ita ce ta masu iyali. Ga 'yan kujeru a baya. Babba ba zai shiga ba sai an naɗe shi, amma yaro daram. Akwai yara?"

Malama ta ajiye kofin ruwan a hankali, don kada ya yi ƙara.

"Nuna mana mai kujera biyu," in ji Injiniya.

"Ah, Yallaɓai ya san abin da yake so." Dillali ya kai su wurin wata mai ruwan toka, gajera, faffaɗa, kamar an danne ta da tafin hannu. "Injinta a bayan kujeru yake, but a gaba. Tana da laushi, tana da hankali a cunkoso. Kuma babban amfaninta, Madam, ba mai cewa ku rage masa hanya. Ko surukarki ce, sai dai ku ɗaga mata hannu."

Shi kaɗai ya yi dariyar. Ya nuna wa Injiniya maɓallin ɗaga gaba, ya karɓi lasisinsa, ya ce su zagaya su dawo, tunda shi ba inda zai zauna.

Shiga ma aiki ne. Sai da Malama ta tattare zaninta ta sauka kamar mai zama a tabarma. Da Injiniya ya tashe ta, ƙarar ta taso daga bayansu, ta shiga ƙashin baya. Ya fita titi a hankali. Da hanya ta buɗe ya ɗan taka, kujera ta manne musu a gadon baya, shaguna suka zama layi ɗaya. Rabon da ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi haka har ya manta. Ya saci kallonta. Tana riƙe da bel da hannu biyu, amma idonta a buɗe yake, tana kallon gaba.

Sai ga tudun rage gudu a gaban wani asibiti. Ya taka birki, ya danna maɓallin, gaban motar ya ɗaga. Tayoyi suka hau. Hannun Malama ya tafi baya da sauri yadda ya saba, ya daki bango.

Ta riƙe yatsun da ɗaya hannun. Ta juya ta kalli wurin. Allo ne da aka lulluɓe da baƙin kafet, da ɗumin inji a jikinsa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe shi ya sa," ta ce.

"Kin ji ciwo?"

"Ba launi ka kawo ni zaɓa ba."

Ya gangara gefen titi ya tsaya a gaban wani shagon labule. Injin yana ta gurnani a bayansu, sai ya kashe.

"Kullum ina ganinki," ya ce. "Kullum. Kina miƙa hannu, kina dawowa da shi ba komai. Ni ba zan iya ba, Malama. Na rasa inda zan sa kaina."

"Kai gani kake yi. Ni nake yi."

"Ba sayar da waccan zan yi ba, wallahi. Gareji zan sa ta, in rufe da tamfol, ba mai taɓa gilashin."

"Ka rufe ta. Yadda ka kai kujerar Kunkuru shago. Yadda ka kai takalmanta gidan Mama ina wanka."

"Don kada ki riƙa gani ne."

"Na ce maka ba na son gani?"

Ya juya ya kalli titi. Wani mai keke ya rage gudu yana leƙen motar, ya ɗaga masa babban yatsa.

Ta yi magana tana kallon yatsunta. "Daga na buɗe ido da safe na san ba ta nan. A aji na sani, a kicin na sani. A kan tudun nan ne kaɗai nake mantawa. Kafin taya ta sauka, ina da 'ya a baya, kuma za ta faɗo idan ban tare ta ba. Ɗan wannan ne ya rage mini, Injiniya. Shi ka zo ka sayi bango ka toshe."

Ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Fatar tana ƙamshin sabon abu. Ya so ya ce wani abu mai tsawo, abin da ya fito kawai shi ne, "Ban sani ba."

"Ai ba ka tambaya. Gyara kake yi."

"Mun fasa. Mu mayar musu da kayarsu."

Ta share ido da bakin mayafi. Can ta ce, "Da ma yaya za ka fitar da ni daga ramin nan? Sai an kira Dogo da igiya."

Dariya ta kuɓuce masa, da hawaye a ciki. Ita ma ta ɗan yi, gajeriya, irin wadda bai ji ba tun farkon shekara. A hanyar komawa bai wuce gudun mai keke ba, motoci suna ta yi masa hon. Hannunta yana kan wuyan hannunsa.

Da suka shigo harabar, bai ga motarsu a inuwa ba. Tana can gefe a kan siminti mai jiƙe, ƙofofi huɗu a buɗe, an jingina kafet ɗin ƙasa a bango yana ɗiga. Tana ƙyalli kamar ranar da aka saye ta. Wani dattijo mai takalmin roba yana matse tsumma a bokiti.

Hannun Malama ya sauka daga nasa.

Dillali ya taho da murmushi, ya buɗe mata ƙofa. "Yaya kuka ji ta? Af, kun ga tsohuwarku? Haka muke yi a nan, duk wanda ya shigo mana, kafin ya fito an wanke masa mota ciki da waje. Kyauta ne, ko an saya ko ba a saya ba."

Ba ta jira hannun kowa ba, ta dafa daɓe ta fito da rarrafe, ta miƙe. Ba ta yi gudu ba. Ta taka har wurin motar, ta tsaya a ƙofar baya. Ta sunkuya ta kalli gilashin daga dama. Ta koma hagu. Ta tura ƙofar kaɗan don rana ta bugo daga gefe, ta sake jawo ta. Ta durƙusa a kan simintin mai ruwa ta kalla daga ƙasa.

Dattijon ya matso, yana jin daɗin an lura da aikinsa. "Wannan gilashin ya ba ni wahala, Madam. Maiƙo ya kama shi, sai da na maimaita da ruwan kumfa. Yaran nan sai haƙuri. Nawa jikokin ma haka suke."

Malama ta miƙe. Gwiwar zaninta ta jiƙe.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce.

"Yauwa, 'yata."

Injiniya yana tsaye a tsakiyar harabar. Ya kalli dattijon, ya kalli dillali, ya kalli mai tsaron ƙofa da ya taho yana miƙo masa makulli da hannu biyu. Ya nemi wanda zai shaƙe a cikinsu, bai samu ba. Kowa aikinsa ya yi, kuma da kyau.

"Malama," ya ce. "Inuwa ya ce mini. Inuwa kawai ya ce."

"Na ji lokacin da ya faɗa."

Ta leƙa ciki ta ɗauko jakarta. Ƙamshin lemun tsami da suka fesa ya biyo ta waje. Ta rataya jakar, ta gyara mayafi.

Dillali ya lura akwai wani abu, amma bai san mene ne ba, sai ya koma ga abin da ya iya. "Yallaɓai, idan ruwan tokar bai kwanta wa Madam ba, akwai fara tana hanya."

"Ka saya, Injiniya," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Yanzu duk ɗaya ne."

"Shiga mu tafi gida. Don Allah."

"Ba zan iya shiga wannan ba."

"To waccan sabuwar. Ko in kira Dogo ya kawo motar aiki."

Ta girgiza kai. Ta bi ta gefensa ta fita ƙofar harabar, ta tsaya a bakin titi ta ɗaga hannu. Tasi ta farko ta wuce da mutane, ta biyu ta tsaya. Ya ga ta sunkuya ta yi wa direban magana, ta shiga.

Ya fizgi makullin. Dattijon yana kiransa ya tsaya a mayar masa da kafet, dillali yana ɗaga lasisinsa sama. Ya rufe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ya tashi motar. Kujerar da ɗanshi, sitiyarin yana santsi.

Ya cim ma tasin a wurin fitilar hanya, ya tsaya a bayanta. Yana hango mayafinta ta gilashi. Suka wuce gidan mai, suka wuce kantin magani. Da suka kusa kwanar gidansu ya kunna sigina. Tasin ba ta rage gudu ba, ta miƙe hanyar gidan iyayenta.

Ya kashe siginar, ya bi bayanta.