Lambobi Biyu a Littafin Baba

Ambaliyar bara ta share alamomin maƙabartar ƙaf, har da ɗan ƙarfen da aka kafa a kan kabarin matarsa. Tsohon mai awon ƙasa bai tayar da hankalinsa ba, domin tun makon da aka binne ta ya auna wurin, ya rubuta lambobi biyu a littafin aikinsa. Da ciwon ƙafarsa ya lafa, sai ya ce wa 'yarsa, wadda ta gaji sana'arsa, ta kai shi ziyara.

Ta shigar da lambobin cikin na'urarta mai karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam. Kibiyar na'urar ta ja su, suka ratsa kaburbura, suka fita ƙofa, ba ta tsaya ba sai tsakiyar sabuwar kwalta.

Tsohon ya dogara da sandarsa. Wata babbar mota ta bi ta kan wurin.

"A kanta suka shimfiɗa titi?" in ji shi. "Ko ni na yi kuskure, Uwata? Shekara arba'in ban taɓa ɓatar da gonar kowa ba, sai ita?"

Ta karɓi littafin ta dubi saman shafin, ta ga sunan tsohon ma'auni a rubuce. Laifin nata ne.

"Baba, daga ina ka fara awon?"

"Daga turken tagulla na gindin tankin ruwa mana. Da hannuna na dasa shi."

"To, ita wannan na'urar daga tsakiyar duniya take ƙirgawa. Lambobinka na tsohon ma'auni ne, na zuba mata su ban juya ba. Ka yafe mini."

"Tsakiyar duniya! Wa ya je can ya dasa turke? Boko ke nan."

Suka nufi tankin. Ta yaye ciyawa, ga turken nan ya yi kore. Ta ɗora na'urar a kansa, ta kwatanta abin da ta nuna da abin da ke littafin. Bambancin ya haura mita tamanin. Ta gyara lissafin.

Wannan karon kibiyar ta mayar da su cikin katangar maƙabartar, ta tsaya kan busasshiyar laka kusa da wani kututture.

"Wannan itacen ne ya yi mini inuwa ranar da muka binne ta," in ji shi a hankali.

Ya miƙa mata sandar, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga hannuwansa. Ta kashe na'urar, ta tsaya a bayansa tana amsawa da amin.